Muhawara: An ɗora littafina a shafin da ke ƙasar waje, ta yaya za a sa su sauke shi?

Malamin Manasik, Makka

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa mazauna wannan zaure, ina neman shawararku a kan wata matsala da ta tsaya mini a rai, musamman waɗanda Allah ya hore wa sanin harkar intanet da waɗanda suka karanci doka. Kamar yadda wasunku suka sani, na rubuta littafin jagoran aikin Hajji da Umara da Hausa, na haɗa shi da taswirorin Mina da Arfa da Muzdalifa waɗanda na zana da hannuna, domin alhajin da bai taɓa zuwa ba ya gane hanyar da zai bi daga tantinsa zuwa wurin jifa. An buga littafin a Kano, kuma ɗan abin da ake samu a cinikinsa shi ake tarawa a biya kuɗin bugu na gaba.

Kafin aikin Hajjin bana wani ɗalibina ya nuna mini wani shafin intanet da ya ɗora littafin. An cire bangon da ke ɗauke da sunana, an yanke babin ƙarshe da ke bayanin fidiya da hadaya, sannan an kewaye karatun da tallace-tallace, har da na caca. Na rubuta wa mai shafin ya yi kunnen uwar shegu. Na rubuta wa wani adireshi da aka ce mini na kamfanin da ke ɗauke da shafin ne, sai amsar na'ura ta dawo, daga nan kuma shiru. Wasu sun ce kamfanin yana Turai, wasu sun ce yana Amurka. Ta wace hanya mutumin da ke zaune a Makka zai sa kamfanin da ke wata nahiya ya saurare shi?

Injiniyan Sadarwa, Riyad

Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. Kafin ku sake rubuta wa kowa, ku fara tara hujja, domin da zarar mai shafin ya ji motsi zai iya ɓoye littafin na ɗan lokaci ya dawo da shi daga baya. Ku ɗauki hoton allo na kowane shafi da littafin ya bayyana, yadda adireshin da kwanan wata za su fito a hoton, ku sauke kwafin da suka ɗora ku ajiye, sannan ku adana shafin a Wayback Machine na Internet Archive, wanda ke riƙe da hoton shafi tare da ranar da aka ɗauka.

Bayan haka sai a rarrabe waɗanda ke bayan shafin, don galibi a nan ƙorafi ke ɓacewa. Akwai mai shafin, akwai kamfanin da ya yi masa rajistar sunan shafin, akwai kuma kamfanin masauki, wato wanda ya ba shi hayar na'urar da littafin ke kwance a cikinta. Misalinsu kamar mai shago ne da wanda ya rubuta masa allon ƙofa da kuma mai gidan da ya ba shi haya. Mai rubuta allo ba ya da mabuɗin shago, mai gida ne ke da shi. Kamfanin rajistar suna yakan amsa cewa ba shi ke riƙe da abin da ke cikin shafi ba, kuma hukumar ICANN da ke kula da tsarin sunaye ba ta shiga rigimar abin da aka wallafa.

Hanyar gano kamfanin masauki ita ce a nemo adireshin IP na shafin, wato jerin lambobin da ake gane na'ura da su a intanet, sannan a duba shi a rajistar yankin da ta raba adireshin. RIPE NCC da ke Amsterdam ita ke da Turai da Gabas ta Tsakiya har da Saudiyya, ARIN ke da Arewacin Amurka, AFRINIC ke da Afirka, APNIC ke da Asiya da yankin Pasifik. A bayanan da za su fito akwai imel na musamman da aka ware domin karɓar ƙorafi, kuma shi ake rubuta wa, ba sashen ciniki ba. Idan kuwa sunan Cloudflare, wani kamfanin Amurka, ne ya fito, to galibi ba shi ke ɗauke da shafin ba, yana tsaye ne a gabansa a matsayin garkuwa, shi ya sa wasu suka ce muku Amurka. Yana da fom na ƙorafi a shafinsa, yakan miƙa ƙorafin ga ainihin kamfanin masauki da mai shafin, kuma yakan gaya wa mai ƙorafin haƙƙin mallaka sunan kamfanin masaukin. Ku turo mini adireshin shafin ta keɓe in duba muku.

Dattijon Zaure, Jidda

Malam, Allah ya ƙara haƙuri. Amma ni akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da wannan magana, kuma zan faɗe shi da girmamawa. Littafin nan ilmin addini ne, an rubuta shi domin alhaji ya gyara ibadarsa. Iyayenmu da kakanninmu da suka tako da ƙafa daga ƙasar Hausa, suka ratsa Chadi da Sudan suka tsallako Bahar Maliya, da hannu suke kwafe littattafan malamansu, kuma babu wanda ya taɓa neman izni ko ya biya mawallafi. Idan yau wani ya yaɗa littafinku har ya kai ƙauyen da kwafin takarda ba zai taɓa kaiwa ba, ashe ladan ba naku ba ne? Ina tsoron kada mu ɗauko dokar Turawa mu toshe hanyar ilmi da ita.

Ɗalibin Shari'a, Madina

Baba, Allah ya ƙara muku lafiya. Maganarku tana da nauyi, kuma akwai malaman zamani da suka tafi a kan cewa ba a killace ilmin addini. Sai dai majalisar fiƙihu ta ƙasa da ƙasa, wadda ke ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi kuma hedikwatarta ke nan Jidda kusa da ku, ta zauna a kan wannan mas'ala a taronta na biyar a Kuwait a shekarar 1988. Ƙudurinta mai lamba 43 ya tabbatar da cewa haƙƙin talifi da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da Shari'a ta kare, masu su suna da ikon tasarrufi da su, kuma bai halatta a yi musu ta'adi ba. Saboda haka ba daga Turai kaɗai maganar ta zo ba.

Sannan ku dubi abin da aka yi wa wannan littafi. Ɗalibin da ke kwafe littafi da hannu a zauren malaminsa yana rubuta sunan mawallafi a farko, ya yi masa addu'a a ƙarshe, ba ya rage babi, kuma ba ya cin riba. Wannan kuwa ya goge suna, ya yanke babin fidiya, ya ɗora tallan caca a gefen addu'ar ɗawafi yana karɓar kuɗi. Alhajin da ya sauke wannan kwafin ya bar wani wajibi a Mina, zai duba ƙarshen littafin ya tarar babu hukuncin abin da ya hau kansa, kuma ba zai san wa zai tambaya ba tunda babu sunan malami. Babu wanda ya mallaki ayar Alƙur'ani ko hadisi ko hukuncin fiƙihu, kuma doka ma ba ta kare ma'ana, tana kare zubin da mawallafi ya yi ne. Bayanin Malam da Hausarsa da taswirorin da ya zana su ne nasa.

Dattijon Zaure, Jidda

Yanke babi da goge suna ha'inci ne, a wannan ba ni da ja. Abin da nake roƙo shi ne, idan an sauke na ɓarayi, Malam ya duba yiwuwar fitar da wani kwafi ingantacce da talaka zai samu cikin sauƙi, domin buƙatar da ta kai mutane wancan shafin tana nan ba ta gushe ba.

Malamin Manasik, Makka

Na karɓi shawararku, Baba, kuma zan tattauna da mawallafan Kano a kanta. Injiniya ya duba mini, Allah ya saka masa da alheri, kuma yadda ya yi hasashe haka abin yake. Mun cike fom ɗin Cloudflare, amsa ta zo da sunan wani kamfanin masauki da ke ƙasar Holan. Wasiƙata ta farko na ambaci dokar DMCA ne a cikinta, domin ita ce kowa ke faɗa idan ana maganar sauke abu daga intanet. Shin ita zan sake aikawa zuwa wannan sabon adireshin?

Ɗalibin Shari'a, Madina

Allah ya gafarta Malam, a nan ne gizo ke saƙar. DMCA dokar Amurka ce ta shekarar 1998, kuma sashe na 512 nata ciniki ne tsakanin gwamnati da kamfanonin intanet na can: kamfanin da ya gaggauta sauke abin da aka kai masa ƙorafi a kansa bisa ƙa'ida, doka ta kare shi daga biyan diyya. Wannan kariya ce ke sa kamfanonin Amurka motsawa da sauri, ba tausayin mawallafi ba. Kamfanin da ke Holan kuwa ba ya ƙarƙashin wannan doka, shi ya sa wasu irinsa ke watsi da duk wasiƙar da ba ta dogara da komai ba sai ita. Amma rashin DMCA ba ya nufin babu doka a kansa.

Abu na farko shi ne yarjejeniyar Berne ta 1886. Amurka ta shige ta a 1989, Nijeriya a 1993, Saudiyya a 2004, Holan kuwa ta daɗe a ciki. Ƙa'idarta ita ce littafin ɗan wata ƙasa da ke cikin yarjejeniyar yana samun irin kariyar da kowace ƙasa mamba ke ba 'ya'yanta, kuma ba a sharɗanta rajista ba. Littafin da ɗan Nijeriya ya rubuta aka buga a Kano yana da kariya a Holan tun ranar da ya fito.

Abu na biyu shi ne dokar Tarayyar Turai ta ayyukan dijital, wadda ake kira DSA, ta shekarar 2022, da ta fara aiki a kan dukkan kamfanoni ranar 17 ga Fabrairu, 2024. Sashe na 16 nata ya wajabta wa kowane kamfanin masauki ya buɗe hanyar da kowane mutum zai kai rahoton haramtaccen abu. Ya buƙaci rahoton ya ƙunshi abubuwa huɗu: cikakken bayanin dalilin da ya sa abin ya saɓa doka, ainihin adireshin da abin yake, sunan mai ƙorafi da imel ɗinsa, da furucin cewa ya yi imani da gaskiyar abin da ya rubuta. Kamfanin zai tabbatar da karɓar rahoton ba tare da jinkiri ba, sannan ya sanar da hukuncin da ya yanke. Babban makamin yana nan ne: idan rahoton ya fito fili yadda kamfani mai lura zai gane saɓawar ba sai ya yi dogon binciken doka ba, to daga wannan lokaci ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya sani, kuma idan bai yi komai ba kariyar da sashe na 6 ya ba shi ta faɗi. Kowace ƙasa mamba tana da hukumar da ke sa ido a kan wannan doka, a Holan ita ce ACM, kuma tara tana iya kaiwa kashi 6 cikin ɗari na cinikin kamfani na shekara.

Ni ɗalibi ne, ba lauyan da ke da lasisi a Holan ba, amma wannan shi ne nassin dokar, kuma kowa zai iya karanta shi.

Injiniyan Sadarwa, Riyad

Zan ƙara a kan bayanin ɗan'uwana daga ɓangaren wanda ya taɓa zama a kujerar karɓar irin waɗannan saƙonni. Ma'aikacin da zai buɗe wasiƙarku ba ya jin Hausa, bai san Mina ba, kuma akwai dogon layi na ƙorafe-ƙorafe a gabansa. Duk abin da zai sa shi yin bincike da kansa, to ya zama dalilin da zai ture wasiƙar gefe. Saboda haka a rubuta ta da Turanci mai sauƙi, gajera, babu fushi kuma babu wa'azi. A saka adireshin da ke kai wa fayil ɗin kai tsaye, ba babban shafin gida ba, a jera kowane adireshi a layinsa, a haɗa da adireshin IP da lambar ƙorafin da kamfanin garkuwa ya bayar, domin wasu kamfanonin ba sa iya gano kwastomansu sai da ita.

Hujjar da ta fi tasiri ita ce wadda ido ke gani ba tare da fassara ba. Ku ɗauki hoton taswirar Mina daga littafin takarda, tare da bangon da ke ɗauke da sunanku da shafin da ke nuna shekarar bugu da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, idan akwai, ku jera su gefe da gefe da hoton taswirar a kwafin da aka sata. Ko wanda bai taɓa jin kalmar Hausa ba zai ga zane ɗaya ne, har da inda alƙalami ya ɗan karkace.

Akwai kuma abin da mutane ke mantawa, wato sharuɗɗan kamfanin kansa. Kusan kowane kamfanin masauki yana da ƙa'idojin amfani da kwastoma ke amincewa da su, kuma a cikinsu akwai haramcin ɗora kayan da aka keta haƙƙin mai su. Ku nemo wannan sakin layi ku ambaci lambarsa. Sau da yawa ya fi sauƙi ga ma'aikaci ya ce kwastoma ya karya yarjejeniyarmu, a kan ya yanke hukunci game da dokar wata ƙasa.

Ɗan Gadarif, Jidda

Ina bin wannan tattaunawa da natsuwa domin ta shafe ni. Ni daga Gadarif nake, kuma tun bayan ɓarkewar yaƙin Sudan a Afrilun 2023 nake nan Jidda. Ina da karatuttukan tajwidi da na naɗa da muryata ina fassara da Hausa, yanzu suna yawo a shafuka da sunan wani. Kwamfutar da ainihin fayilolin suke ciki ba ta hannuna. Shin wanda ba ya da takarda ko rajista yana da abin da zai kai?

Ɗalibin Shari'a, Madina

Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya, Yaya. Sudan ta shiga yarjejeniyar Berne a shekarar 2000, don haka haƙƙinku yana nan ko babu rajista. Abin da kuke buƙata shi ne duk abin da ke nuna kun riga su: tsohon saƙon imel da kuka tura fayil a cikinsa, ranar da kuka fara ɗora karatun a Facebook ko YouTube, ko shaidar ɗalibai da suka karɓa daga hannunku. Muryarku ma hujja ce.

Tambayarku ta tuna mini wani abu da ya kamata Malam ya duba kafin ya sa hannu a kan komai. Mece ce yarjejeniyarku da mawallafan Kano? Idan kun sallama musu haƙƙin bugawa da yaɗawa gaba ɗaya, to su ya kamata su rubuta, ko su ba ku takardar wakilci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a ƙorafin DMCA mutum yana rantsuwa ne, bisa hukuncin shaidar zur, cewa shi ne mai haƙƙin ko wakilinsa, kuma wanda ya yi ƙarya da gangan a cikin ƙorafi doka ta ba da damar a nemi diyya a kansa.

Malamin Manasik, Makka

Yarjejeniyarmu ta bugu ce a takarda kawai, haƙƙin yana hannuna, kuma sun ce za su rubuta takardar da ke tabbatar da hakan in haɗa da wasiƙar.

Hajiya Mai Ɗinki, Jidda

Assalamu alaikum, malamai. Ku ba ni dama in shigo da wani ɓangare da ba a taɓo ba. Ina ɗinka abayoyi da dogayen riguna, kuma ni nake ɗaukar hotunansu da wayata a kan farin bangon ɗakin ɗinkina, gefen keken ɗinki. Na ga hotunan nan a wani shafin sayar da kaya na ƙasar waje, har inuwar labulen tagata tana ciki. Na so in kai ƙorafi, amma da na ga fom ɗin yana neman cikakken suna da adireshin gida da lambar waya, kuma an rubuta cewa za a tura wa mai shafin, sai na janye. Mace ce ni, ban san ko wane ne a can ba, kuma ba zan miƙa wa wanda ya riga ya cuce ni ƙofar gidana ba. Shin akwai mafita?

Injiniyan Sadarwa, Riyad

Hajiya, tsoronku yana kan hanya, kuma gara da kuka karanta kafin ku tura. Gaskiya ne yawancin kamfanoni suna miƙa ƙorafin ga wanda ake ƙorafi a kansa yadda yake. Haka kuma ƙorafin da aka kai wa Google yana iya bayyana a rumbun Lumen, wanda ke tattara irin waɗannan takardu domin masu bincike, inda akan rufe bayanan tuntuɓa amma sunan mai haƙƙi yakan fito. Mafita ita ce wakilci. Dokar Amurka ta yarda wanda mai haƙƙi ya wakilta ya sa hannu a madadinsa, don haka maigida ko ɗan'uwa ko ofishin lauya zai iya aikawa, da adireshin wurin aiki da imel da aka buɗe domin wannan kawai. Dokar Turai kuwa sunan mai ƙorafi da imel ɗinsa ta nema, ba ta nemi adireshin gida ba. Tunda ku kuka ɗauki hotunan da hannunku, haƙƙinsu naku ne, kuma ainihin hotunan da ke wayarku suna ɗauke da ranar ɗauka. Kada ku goge su, kuma kada ku dogara da kwafin da ya bi ta WhatsApp, domin yana rage ingancin hoto ya share waɗannan bayanai.

Ni a ganina Malam ya rufe wasiƙarsa da wa'adin mako guda, ya ce idan ba a sauke ba zai garzaya kotu. Irin wannan jimla tana sa a kai takarda teburin lauyan kamfani.

Ɗalibin Shari'a, Madina

A nan na saɓa wa Injiniya, tare da girmamawa. Barazanar da mutum ba zai iya cikawa ba tana rage masa ƙima. Kamfanin ya san kuɗin lauya a Holan ya ninka abin da littafin Hausa zai kawo, kuma da zarar takarda ta koma sashen lauyoyi sai amsa ta ƙara jinkiri. Abin da ya fi shi ne a faɗi abin da za a yi da gaske: a ambaci sashe na 16, a nemi tabbacin karɓa da sanarwar hukunci, a kuma ce idan babu amsa za a sanar da hukumar da ke sa ido da kamfanin da ke ba su layin intanet. Wa'adin kansa yana da kyau, a bar shi.

Ga waɗanda matsalarsu ke Amurka kuma, ku san cewa mai shafi yana da damar mayar da martani a rubuce, kuma idan ya yi, kamfanin zai dawo da abin cikin kwanakin aiki 10 zuwa 14, sai fa idan mai ƙorafi ya nuna ya shigar da ƙara. Akwai ƙaramar hukumar da'awar haƙƙin mallaka da ta fara aiki a 2022, wadda iyakar diyyarta dala 30,000 ce kuma ana yin komai ta intanet, amma ba ta karɓar ƙara a kan wanda ke zaune a wajen Amurka. Masu irin waɗannan shafuka ba kasafai suke mayar da martani ba, domin dole su bayyana sunansu da adireshinsu su kuma amince da hurumin kotun Amurka.

Dattijon Zaure, Jidda

To hukumomin wannan ƙasa da muke zaune a ciki fa? Ashe babu ofishin da Malam zai je da ƙafarsa?

Ɗalibin Shari'a, Madina

Akwai, Baba. Hukumar kare haƙƙin fasaha ta Saudiyya, wadda aka fi sani da SAIP, tana karɓar ƙorafi ta shafinta, kuma a shekarar 2020 ta sanar da toshe shafuka 231 da suka keta haƙƙin mallaka. Sai dai toshewa tana aiki ne a cikin Masarautar kawai. Alhajin da ke Makka ba zai iya buɗe shafin ba, amma maniyyacin da ke shiri a Kano ko Damagaram zai buɗe shi lafiya lau, kuma su ne mafi yawan masu karanta littafin. Nijeriya ma tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, kuma ta tanadi sauke abu da toshe shafi, don haka mawallafan Kano za su iya kai maganar ga hukumar haƙƙin mallaka ta can. A yi duka biyun, amma kada a jira su a bar wasiƙar Holan.

Injiniyan Sadarwa, Riyad

Na yarda da gyaran ɗan'uwana game da barazanar kotu. Abin da zan nanata shi ne kada a zuba ƙarfi duka a ƙofa ɗaya. Mai irin wannan shafi ba son littafi ne ya sa shi ɗorawa ba, baƙi yake nema domin tallace-tallace su kawo kuɗi. Baƙin nan kuwa ta injin bincike suke zuwa. Google yana da fom na cire adireshi daga sakamakon bincike saboda keta haƙƙin mallaka, ba ruwansa da ƙasar da shafin yake, kuma tun 2012 yake la'akari da yawan ingantattun ƙorafe-ƙorafe wajen tura shafi ƙasa a jerin sakamako. Injin binciken Bing ma yana da nasa fom ɗin. Sannan a duba kamfanin da ke zuba tallace-tallacen, domin manyan cikinsu sun haramta talla a kan kayan sata. Idan mutum ya rubuta sunan littafin bai ga shafin ba, kuma tallan ya tsaya, littafin ya daina amfanar mai shafin ko da fayil ɗin yana nan kwance.

Malamin Manasik, Makka

'Yan'uwa, ga inda aka kwana. Mun rubuta wasiƙar yadda kuka tsara, da hotunan taswira gefe da gefe da takardar mawallafan Kano. Kamfanin na Holan ya tabbatar da karɓa, ya ba kwastomansa wa'adi, kuma da wa'adin ya cika ba a amsa ba sai ya rufe fayil ɗin ya sanar da ni a rubuce. Google ma ya cire adiresoshin da muka lissafa. Sai dai jiya ɗalibina ya ga littafin ya sake ɓulla a wani shafi mai suna kusan iri ɗaya, kuma Injiniya ya ce adireshin IP ɗin ya koma wata ƙasa da ba ta cikin Tarayyar Turai. A ɓangaren shawarar Baba, mun daidaita da mawallafa cewa za a fitar da babin fidiya da taswirorin kyauta, da sunana a kowane shafi, kafin maniyyata su fara bita.

Injiniyan Sadarwa, Riyad

Madalla da wannan ci gaba, Malam. Sabon shafin na duba shi, kuma kamfanin da ya koma yana cikin masu tallata kansu da cewa ba sa sauraron ƙorafi, don haka kada a ɓata lokaci mai yawa a kansa. A aika masa wasiƙa ɗaya domin ta zama hujja, sannan a tura sababbin adiresoshin ga Google da Bing a yau, tun kafin shafin ya samu gindin zama a sakamakon bincike. Zan kuma gano kamfanin da ke ba wannan masaukin layin intanet, domin idan yana Turai ko Amurka akwai inda za a kama. Hajiya da ɗan'uwanmu na Gadarif, ku turo mini adiresoshin shafukanku ta hannun shugaban zaure, zan duba inda kowanne yake kafin Juma'a in sha Allah, sai Ɗalibin Shari'a ya faɗa muku wace doka za a ambata a wasiƙar kowannenku.